Ƙishirwar Goggo, Motar Manu

Kada ka ce ba ka san Goggo ba. Ka san ta. Ka sha wuce ta a hanyar Ƙarfi, tsohuwar a-kori-kura shuɗiya, bakinta a buɗe, tururi na tashi, mai ita yana ɗura mata ruwa yana lallashinta kamar mai jinyar uwa. Ka yi dariya, ka ƙara wuta. Ba ka taɓa tsayawa ka tambayi abin da ya sa mutum mai hankali ya jinginar da gonar gadonsa a kan wannan gwangwani ba. To, tun da a lokacin ka kau da kai, yanzu sai ka zauna ka ji.

Ranar Asabar da hantsi Sufeto Zainulabidin yana ofishinsa a Malumfashi, sai ga wani babban mutum ya shigo yana ƙamshin turare, riƙe da wuyan rigar wani siririn manomi.

Babban mutumin shi ne Alhaji Bature, dillalin tsofaffin motoci a Funtua. Manomin kuwa Manu ne, mai Goggo.

Sufeto ya miƙa hannu. Alhaji ya ba shi tsintsiyar hannun hagu, na dama yana can cikin babbar riga.

"Ka gafarce ni, Yallaɓai, sanyin ƙashi ke damuna. Ƙara na kawo. Wannan mutumin na sayar masa da mota yana biya kaɗan-kaɗan, saura biya ɗaya ya gama, sai ya zo mini jiya wai an sace. Ya ɓoye ta ne, ko ya sayar. Yarjejeniyarmu a fili take: in mota ta salwanta kafin a gama biya, gonarsa ta zama tawa."

"Saki rigarsa tukuna, Alhaji. Malam Manu, yaushe ka rabu da motar?"

"Jiya, ranka ya daɗe. Na bar ta a bakin gonar rake na tafi masallacin Juma'a. Na dawo na tarar da wurin wayam."

"Mukulli fa?"

"Ga shi a aljihuna."

"Me ya kai ka sayen mota a kan gona? Ba banki?"

Manu ya sunkuyar da kai. Shekarar ambaliya ce ta ja masa. Ya karɓi rancen taki, ruwa ya kwantar da masarar, ya kasa biya a kan lokaci. Daga baya ya biya, amma sunansa ya riga ya ɓaci. Duk inda ya je sai a leƙa kwamfuta a girgiza kai. 'Yan'uwan da ke cin tuwo a gidansa da salla babu wanda ya yarda ya tsaya masa. Alhaji Bature kaɗai ya tarbe shi da fara'a har da lemo.

"Motar lafiyarta lau?"

"Lau take, ranka ya daɗe. Ko tari ba ta yi."

Saje Saminu da ke rubutu a gefe ya ƙunshe dariya har biro ya faɗi. Duk ofishin babu wanda bai taɓa tura Goggo ba.

"Alhaji, kai ina ka yi Juma'a jiya?"

"A Funtua mana. Sahun gaba, inda na saba."

Sufeto ya ce Alhaji ya koma gida, za a neme shi. Bai kulle Manu ba. Ya sa shi a bayan motar ofis, suka nufi Ƙarfi.

A tsakar gidan Manu abin da ya fara tsone wa Sufeto ido shi ne jarkoki a kife, an jera su a rana.

Kulu, matar Manu, ta shimfiɗa musu tabarma ta koma bakin ƙofar ɗaki. Idonta ya kumbura, amma bakinta bai mutu ba.

"Waɗannan jarkokin na mene ne, Malama?"

"Na Goggo ne, Yallaɓai. Abincinta ke nan. Jiya na sauke su in wanke, gansakuka ta kama su."

"Mijinki ya ce ko tari ba ta yi."

"Shi ya faɗa? Malam, ka ji tsoron Allah! Motar da ta fi raƙumi shan ruwa? Ba ta kaiwa Kafur sai ta sha sau biyu. Lagiretonta a fashe yake tun ranar da ta shigo gidan nan."

"Ke Kulu, ba a tona asirin mai ciyar da mu."

"Ina ruwana, ai kai za a ɗaure, ba ita ba."

Sufeto ya dubi Manu. "Ranar da ka saye ta ba ka ga yoyon ba?"

Manu ya kau da kai. Kulu ce ta amsa.

"Ina zai gani? An toshe. Da ta fara zuba, bakanike ya kwance lagireton, sai ga dafaffen ƙwai yana fitowa guntu-guntu. Ya ce dabarar 'yan kasuwa ce, a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, zafi ya dafa shi, ya liƙe kafar na ɗan lokaci. Har agogon da ke ƙirga tafiyarta ya ce an mai da shi baya, wai tafiyar da ta yi ta isa ta kai mutum Makka ta dawo da shi sau da yawa."

"Ka koma wurin Alhaji?"

"Da wane baki, ranka ya daɗe? Shi kaɗai ya kalle ni a matsayin mutum. Kuma ita Goggo ba laifinta ba ne. Ta tsufa ne kawai. Rakena duk ita ta kai shi kasuwa, ita ta biya kuɗin makarantar 'yata Kausar."

Sufeto ya miƙe yana kakkaɓe wando. Wani abu ya faɗo masa a rai: duk wanda ya ɗauki Goggo jiya, ya ɗauke ta babu ko ɗigon ruwa a bayanta.

"Saje, ɓarawon nan dole ya roƙi ruwa. Kwalta ba zai bi ba saboda shingen bincike. Malam Manu, in ka bi hanyar ƙasa ta bayan gari, ina take fara jin ƙishirwa?"

"Rijiyar Inna Laraba."

Laraba tsohuwar Bamagujiya ce, gidansu na can gefen hanya tsakanin gonaki. Suka same ta a gindin ɗorawa tana watsa wa zabi dawa. Tana ganin Manu ta watsar da ƙwaryar.

"Kai ɗan nan! Wa ka ba aron Goggo jiya? Mutum ba gaisuwa, ba sannu!"

"Inna, sace ta aka yi."

"Sata? Da rana tsaka?"

Sufeto ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi lokacin.

"Lokacin da ku duka kuke masallaci mana, ɗana. Hanya tsit, ko keke babu. Ni kaɗai ce a bakin rijiya. Shi ma da ya gan ni sai da ya zabura, kamar bai san akwai mutane a nan ba. Haka suke. Mu in dai ba lokacin sayen barkono ba ne, ba a ganinmu."

"Ya kamanninsa?"

"Ƙato ne, ya naɗe fuska da rawani, sai ƙamshi kamar gidan biki. Mota ta tsaya tana huci. Na ce masa ya bari ta huce, Manu yakan zauna mu yi hira tukuna. Bai ji ba. Yana murɗa murfin nan sai tafasasshen ruwa ya watso masa a hannu. Ihu ya yi kamar akuya."

"Wane hannu?"

Ta ɗaga damanta. "Na shafa masa zuma, na yage bakin tsohon zanena na ɗaure masa. Ko ɓarawo ne ai ba a barin mutum da ƙuna. Sannan ya ce in kawo masa ƙwan zabi. Na ɗauka yunwa yake ji. Sai na ga yana fasawa yana zuba wa mota a ciki! Na ce yau na ga ikon Allah, Goggo ta fara cin ƙwai."

Saje Saminu ya daina dariya. Manu ya jingina da ɗorawar, ya dafe kai.

"Ba shi ba ne, ranka ya daɗe," ya ce a hankali. "Ya ba ni lemo."

"Za mu gani. Inna, ko za ki raka mu Funtua?"

"A motar 'yan sanda? Bari in sake ɗankwali."

Da la'asar suka isa wurin sayar da motocin Alhaji Bature. Yana zaune a rumfa, hannun dama har yanzu a cikin riga. Ya tarbe su da murmushi, amma murmushin ya daskare da ya ga tsohuwa tana saukowa.

"Alhaji, a ina ka ce ka yi Juma'a?"

"Na faɗa maka, a nan."

"Kana da mukulli na biyu na motar Manu?"

"Wane irin mukulli? Ɗaya ne, na ba shi."

Laraba ta matso tana shinshina iska. "Sannu, mai ƙwai. Ya hannun? Ina fata ba ka sa shi a ruwa ba."

"Wace ce wannan? Ban san ta ba! Yallaɓai, maganar wannan matar za ka ɗauka ka bar tawa?"

"Tata zan ɗauka in ta fi taka gaskiya. Fito da hannun."

"Sanyin ƙashi ne."

"To, mu ga sanyin."

Alhaji bai motsa ba. Sufeto bai matsa masa ba, don idonsa ya kai kan wani abu. A bayan rumfar akwai wani shinge na kwano da kwaɗo a ƙofarsa, warin sabon fenti na fitowa daga ciki. Ta ƙarƙashin ƙofar kuwa wani siririn ruwa mai tsatsa ya gangaro ya jiƙa ƙasa, alhali an daɗe rabon garin da ruwan sama.

Manu ya durƙusa a gaban ruwan, ya taɓa da yatsa. Hawaye suka zubo masa.

"Ita ce. Wallahi ita ce. Haka take yi mini a ƙofar gida kullum."

Saje ya ɓalle kwaɗon. Ga Goggo nan, rabinta shuɗi, rabinta an shafe da fari, an cire lambarta. Mukulli na biyu yana jikinta. A kan kujerar direba kuwa ga ƙyallen zanen Laraba, duk zuma.

Sufeto ya kama hannun rigar Alhaji ya ɗaga. Bandeji ne tun daga yatsu har wuyan hannu.

Alhaji ya zauna daɓas a kan benci.

"Sau nawa ka sayar da ita?"

"Wannan ne na uku," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na farko ɗan Danja ne, na biyu daga Kafur. Duk waɗanda banki ya kora nake nema, su ba sa tambaya, ba sa kawo bakanike, godiya ma suke yi. In biya ya kusa ƙarewa sai in ɗauke ta. Da kaina nake zuwa, don yaran yanzu ba su da riƙon sirri."

"Gonakinsu fa?"

"Suna hannuna."

"Me ya sa ka zaɓi lokacin Juma'a?"

"Na ɗauka babu kowa a hanya."

"Ni ba kowa ba ce ke nan," in ji Laraba. "Miƙo mini ƙyallena, Saje."

"Shaida ce, Inna. Sai an gama shari'a."

"To, a wanke kafin a dawo mini da shi."

Saje ya fito da ankwa. Sufeto ya ce a sa a hannun hagu kawai a haɗa da nasa, kada a fama ƙunar. Aka wuce da Alhaji Bature ta gaban 'yan kallon da jiya suke rusuna masa.

Manu bai ko dube shi ba. Yana can yana shafa goshin Goggo da hannun rigarsa, yana ƙoƙarin goge farin fentin.

"Malam Manu, gonarka ta tsira. Amma motar za ta zauna a ofishinmu har kotu ta sallame ta."

"To, ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. A bar ni in riƙa zuwa ina ba ta ruwa."

"Motar da ke ajiye ba ta shan ruwa."

"Ita tana sha."

Sufeto ya dube shi, ya dubi tsohon gwangwanin, ya ja numfashi. "Ka zo da jarkarka. Ofishinmu ma sayen ruwa muke."

Kada ka tafa wa Sufeto Zainulabidin ka koma barci. Shi ya yi aikinsa. Kai ne ba ka yi naka ba. Mutumin Danja da na Kafur sun rasa gonakinsu a gaban idon maƙwabta masu ilimi, masu waya, masu iya karanta yarjejeniya, kuma babu wanda ya ce uffan. Irin su Alhaji Bature ba da mukulli na biyu suke sata ba, da shirunmu suke yi.

A unguwarku akwai Manu. Ka san shi, ka san shekarar da ta karya shi. Ranar da ya ce zai je sayen mota bashi, ka ajiye abin da kake yi ka bi shi. Ka ɗauki bakanike. Ka buɗe lagireto ka leƙa. Ka karanta masa takardar da ƙarfi, layi-layi, a gaban dillalin, ka ƙirga mukullai. In kuwa ka san mutumin kirki ne da ruwa ya ci, to ka tsaya masa da sunanka. Tashi ka je gidansa yau, kafin wani ya riga ka da lemo.