Injin Da Ke Ɗauraya

Saura kwana tara azumi, Marlina na durƙushe a falon surukarta a garin Kluang, da bokiti biyu da tsohon tawul, tana wanke gefen kafet. Karo na uku ke nan a makon.

Jan kafet ne mai kauri, bango zuwa bango. A kansa ake cin abinci, a kansa ake karɓar baƙi, a kansa Mak Esah, uwar mijinta, ke sallah tun da gwiwoyinta suka daina hawa bene. Wata biyar da suka wuce, bayan ta tashi daga jinya, fitsari ya fara ƙwace mata. Ranar farko ta damƙe hannun Marlina, idonta a ƙasa.

"Kada 'ya'yana su ji. Ko Shahrul. Kin ji ko?"

"Na ji, Mak."

Shahrul walda yake yi a wajen gyaran jiragen ruwa a Singapore, sai bayan mako biyu yake leƙo gida. Shekararsu shida da aure, Allah bai kawo haihuwa ba. Gidan daga Marlina da surukarta sai fanka. Marlina takan zuba ruwa mai tsarki a wurin, ta tsane da tawul, ta sake zubawa, har hannunta ya yi fari. Amma damina ce, kullum da la'asar sai an tsuge da ruwa. Kafet ɗin ba ya bushewa, sai ya ɗauki wani wari da turare ba ya kashewa.

Ranar Lahadi Kak Long, babbar yayar Shahrul, ta zo daga Johor Bahru. Tun daga ƙofa ta toshe hanci da gefen gyalenta.

"Subhanallahi! Marlina, mage kike ɓoyewa a gidan nan?"

"A'a, Kak Long. Danshi ne."

"Danshi? Mu a sahara muke zaune? Mace ba goyo, ba ofis, falo ɗaya ya gagare ta! A nan uwata take sa goshinta?"

Marlina ta dubi Mak Esah. Tsohuwar tana jan carbi, ta ƙura wa bango ido. Marlina ta shiga kicin ta ɗora shayi. A can ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito da faranti.

Da yamma ta kira mijinta, ta roƙe shi ya saya mata injin wanke kafet, irin wanda ake turawa a tsaye. Ya ce za su yi magana. Ba ta san abin da aka faɗa a gurup ɗin 'yan uwa na waya ba, don ba a taɓa sa ta a ciki ba. Sai da ya dawo ranar Juma'a ta ji sakamakon. Ya ajiye jaka bai ko cire safa ba.

"Kak Long za ta ɗauki Mak kafin azumi. Ke kuma ki je Muar wajen iyayenki, ki huta."

Ta kira shi da Abang, wato yaya, kamar yadda ta saba. "In huta, Abang? Zuwa yaushe?"

"Ban sani ba, Lina. Ina can ina cin ƙarfe dare da rana, ana turo mini cewa uwata na kwana cikin ƙazanta. Me kike so in ce?"

Kalma ɗaya ce a bakinta, da ta faɗe ta da magana ta ƙare. Ta haɗiye ta.

"Ka saya mini injin tukuna. Shi kaɗai na roƙa."

Washegari suka je shagon kayan wuta na Uncle Teoh, wani dattijo mai tabarau a goshi. Injuna biyu ne a tsaye kusa da juna, ƙaramin mai ruwan toka, babban shuɗi mai ƙatuwar ƙafa kamar ta tankar yaƙi. Shahrul ya ɗaga ƙaramin da hannu ɗaya.

"Ga shi nan, ba nauyi. A ɗaure mana wannan, mu wuce."

"Tsaya, Abang." Ta juya. "Uncle, yana fesa ruwa zalla, ba sabulu?"

"Ƙaramin a'a, Madam. Ruwa da sabulu wuri ɗaya suke. Babban kuwa sabulunsa daban. Kin ga makunnin nan? Ki murɗa, ya wanke. Ki sake murɗawa, ya ɗauraye da ruwa kawai, ya tsotse dattin zuwa tankin ƙasa."

"Awa nawa ya bushe?"

"Ƙaramin, ki wanke da safe ki taka da yamma. Babban, awa guda da fanka."

"Ke, nauyinsa ya kusa naki!" in ji Shahrul. "Kamfanin wanki za ki buɗe?"

Ba ta kula shi ba. "Yana da ƙara? Maƙwabta za su ji in na kunna kullum?"

Uncle Teoh ya yi dariya, ya sauko da tabaransa. "Shekara ashirin ina sayar da abin nan. Masu yin tambayoyin nan a jere uku ne kawai: mai jariri, mai mage, mai tsoho a gida. To, wata nawa jaririn?"

"Ba mu da yaro," in ji Shahrul a daƙile.

"Mage?"

Marlina ta sunkuyar da kai tana kallon tayil. Dariyar dattijon ta ɗauke. Ya dube ta, ya dubi hannuwanta da suka tsattsage, ya rage murya.

"Mahaifina ya yi shekara huɗu a haka. Matata ce ta sha wahalar. Ku ɗauki babban."

Shahrul ya ajiye ƙaramin. Ya biya, ya kinkimi kwalin da kansa zuwa mota. Ya zauna ya riƙe sitiyari, bai ta da motar ba. Ruwa ya fara sauka a kan gilashi.

"Tun yaushe?"

"Abang, alƙawari na yi."

"Ban ce ki karya ba." Ya juyo ya dube ta. "Jiya da na ce ki tafi Muar... da tafiya za ki yi, ba ki faɗa ba?"

"Da na tafi. Abin da ke damuna shi ne wa zai riƙa tashi da ita da asuba."

Ya kifa goshinsa a kan sitiyarin. Ta bar shi ya gama. Rabon da ta ga hawayensa tun rasuwar mahaifinsa.

Sun tarar da motar Kak Long a ƙofar gida. Tana tsakiyar falo tana ninke kayan Mak Esah cikin akwati. Da ta ga kwalin ta tafa hannu.

"Iko sai Allah! An saya wa lalaci mota! Saura direba, ko?"

Shahrul ya buɗe baki. Marlina ta taɓa gwiwar hannunsa, ta girgiza kai. Mak Esah na kallonsu daga kujerarta. Ta ga jajayen idanun ɗanta, ta ga hannun da ya hana shi magana. Ta ajiye carbin.

"Rosnah," ta kira Kak Long da sunanta na yanka, "rufe akwatin nan."

"Mak, ai don ke nake..."

"Warin nan nawa ne. Wata biyar ba na iya riƙe fitsari. Yarinyar nan ke wankewa, ita ke sauya mini zani, ni na hana ta faɗa. Kina zaginta ina zaune ina jan carbi." Hawaye ya gangaro mata. "Kunya ta sa na bar 'yar mutane ta ɗauki laifina. Ku ji da kyau: wanda ya rufa maka asiri har ana zaginsa, ba a saka masa da shiru. Kuma kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka tambayi abin da yake ɗauke da shi."

Rigar da ke hannun Kak Long ta faɗi. Sannan ta tako har gaban Marlina, ita da ta girme ta da shekara goma sha biyu, ta miƙa hannu biyu.

"Lina... ki yafe mini. Kada azumi ya same ni da haƙƙinki."

"Ya wuce, Kak Long."

Marlina ta nufi kwalin za ta buɗe, Shahrul ya tare ta.

"Zauna kusa da Mak. Nuna mini makunnin kawai."

Ya naɗe hannun riga, ya cika tanki, ya tura injin daga ƙofa zuwa taga, ya dawo a hankali. Baƙin ruwa ya yi ta taruwa a tankin ƙasa. Da ya cika, Kak Long ta durƙusa ta ciro shi, ta fita da shi bayan gida ta zubar.