Gahawar da Ta Huce

"Ni ba zan buɗe wa yarinyar nan bakina ba."

Abin da Abu Fawwaz ya fara faɗa ke nan da ya shigo asibitinmu, dafe da kunci. Jikansa Kusai, saurayina, na bayansa, yana roƙona da ido.

Juma'a ce, duk likitocin haƙori na unguwarmu a birnin Irbid sun rufe. Ni ma don Kusai ya kira ni ne na ɗauko makulli na fito. Kuma a ranar, bayan la'asar, tsohon zai jagoranci mazan danginsu zuwa wajen mahaifina neman aurena.

Shi ya raini Kusai tun rasuwar iyayensa. Babana ya ce in ba kakan ne ya zo ya nema da bakinsa ba, to babu magana. Kakan kuwa da ƙyar ya yarda. Ya sha faɗa wa Kusai cewa ba ya son suruka mai cusa hannu a bakin maza.

Na nuna masa kujera.

"Kaka, zauna. A ɗakin nan likita ce ni."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, sannan ya juya ga Kusai.

"Kai, shashasha, fita waje. Jira kake ka ga kakanka na kuka?"

Ramin haƙorin ya yi zurfi, sai dai bai kai jijiya ba. Na yi masa allurar kashe zafi, na kankare ruɓar, na zuba farin ciko, na haska masa fitila ya daskare. Ko nishi bai yi ba. Hannun kujera kawai ya damƙe, idonsa a kan rufi, hawaye ɗaya ya gangaro ya shige gemunsa. Ban taɓa ganin wanda ya ji tsoro haka ya kuma zauna daram ba.

Da na gama, na faɗa masa abin da nake faɗa wa kowa: kada ya tauna komai, kada ya sha abu mai zafi sai leɓensa ya farfaɗo, don zai iya ƙonewa bai ji ba. Ya gyara rawaninsa ya fita.

Sai da na koma gida, na ji ƙarar finjalai a kicin, sannan na tuna da gahawa...

La'asar ta yi, falonmu ya cika da maza. Ni da Mama muka laɓe a bayan ƙofa. Yayana Suhaib ya zuba wa Abu Fawwaz gahawa, shi kuma ya ajiye finjalin a gabansa bai sha ba, kamar yadda duk mai neman aure yake yi sai an amsa masa. Ya yi jawabinsa da leɓe a karkace, kalmomin na fita da nauyi, amma bai tsallake ko ɗaya ba.

"Sha gahawarka, Abu Fawwaz," in ji Baba. "Abin da kuka zo nema kun samu."

Tsohon bai miƙa hannu ba.

Finjalin da aka bari bayan an ba da 'ya, ai ma'anarsa ɗaya ce: an fasa. Na hango Kusai ta tsagar ƙofa, fuskarsa ta yi fari. Mama ta matse min hannu har ya yi zafi.

"Ko gahawarmu na da aibi ne?" Muryar Baba ta canza.

"Ba ta da aibi, Abu Suhaib. 'Yarka ce ta hana ni."

Sai ya ba su labarin komai, har da hawayen. Ya ce tun da ya girma babu mahalukin da ya ba shi umarni ya bi, amma yau yarinya ta raba shi da ciwon da ya hana shi cin abinci, da hannu mai sauƙi, ba ta kuma yi masa dariya ba.

"Ba zan fara da saɓa mata ba ranar da na zo ɗaukarta. In gahawar ta huce zan sha."

Dariya ta ɓarke. Gahawa mai sanyi abin kunya ce ga mai gida, don haka Suhaib ya sunkuya zai canza finjalin. Baba ya riƙe masa hannu, ya ce a bar ta. Haka mazan nan duka suka zauna suna jiran finjali ɗaya ya huce.

Da tsohon ya kurɓe, aka karanta Fatiha, aka raba kunafa, kayan zaƙin da muke ci ranar murna. Mama ta rangaɗa guɗa a kunnena, ni kuwa kuka nake.

Da za su tafi, na ji sandar Abu Fawwaz ta tsaya a bakin ƙofar da muke laɓe.

"Likita... kunafar fa?"

"Sai gobe, Kaka. Kuma ta ɗaya ɓangaren za ka tauna."

"To, 'yata."

Ta tsagar ƙofa na gan shi ya naɗe rabonsa a hankici, ya sa a aljihu.