Biskit Ɗin da Babu Shi a Kanti

Tsakar gidan Iya Mero a Agege, kusa da Legas, cike take da matan da suka zo taya ta ware goro, sai ga Sanda, jikanta na farko, ya ratso tsakanin kwanduna yana tatata har ya kama zanen uwarsa Talatu. Talatu ta sunkuyar da kai, ta janye ƙafa, ta kalli bango sai ka ce ɗan maƙwabta ne ya taɓa ta. Iya ta sure shi tana huci.

"Kun dai gani da idonku. Wannan ce uwa?"

Talatu ba muguwa ba ce. A ƙauyensu can bayan Zariya, mace ba ta wasa da ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ko kuka yake sai wata ta miƙo mata shi. Haka ta tashi ta gani. Iya Mero kuwa haihuwar Agege ce, uwarta Bayarabiya, ta girma inda mace ke goya ɗanta tana yi masa kirari har kasuwa. Ta sha jin labarin kunyar ɗan fari a bakin fataken goro, amma a wurinta rashin so ne kawai aka yi wa lulluɓi.

Ɗanta Iliyasu ma'aikacin reluwe ne, kullum jirgin safe ke kai shi Legas. Aikin ne ma ya taɓa kai shi Zariya ya ga Talatu, ya nace sai da ya auro ta. Shi ya san yadda take shinshina kan yaron nan idan an rufe ƙofa. Sai dai Iliyasu irin mazan nan ne masu baki a gaban oga, a gaban uwa kuwa shiru kamar ruwa ya cinye su.

Da lokacin yaye ya yi, Iya ta ɗauke Sanda zuwa sashenta. Yaro ya ƙi koko, ya ƙi ƙosai, doyar da aka murje masa da manja ma tofarwa yake. Kafin a ankara wuyansa ya zama siriri, kukansa ya koma ƙasa-ƙasa. Talatu tana jiyowa ta bayan katanga, ba ta da fuskar zuwa ta tambaya.

Wata safiya ta tare mijinta da ɗan ƙunshi a ganye. Gero ne ta surfa ta soya sama-sama, ta niƙa a dutse, ta tankaɗe da ƙyalle har ya yi laushi. Ta kwaɓa da ayaba nunanniya da ɗan tunkuzar gyaɗa da man shanu, ta yi su ƙanana kamar babban yatsa, ta gasa a tanda da garwashi kaɗan. Da an sa a baki sai su narke.

"Malam, ka kai wa yaron nan. Amma don Allah kada Iya ta san ni ce. Ka yi mini alkawari."

Ya yi mata. Ya samo wani gwangwanin biskit na Turawa da ya tsinta a ofis, ya zuba su ciki, da yamma ya ce wa Iya daga kantin Legas ya sayo. Sanda ya ci ɗaya, ya miƙo hannu, ya ci na biyu. Cikin 'yan kwanaki kumatu suka dawo.

To, nan ne Iliyasu ya fara ɓata rawarsa. Iya ta shiga yawo da gwangwanin gida-gida tana nuna wa mata abin da uba na gari ke yi, ta ƙare da cewa uwar kuwa ko ya kwanan yaro ba ta iya tambaya. Shi kuma yabon ya yi masa daɗi. Idan mata suka ce "Iliyasu ɗan Ikko, mai biskit," sai ya gyara hular reluwe ya yi murmushi. In ya shiga ɗaki ya ga yatsun Talatu da tabon ƙuna, sai kunya ta hana shi haɗa ido da ita. Gobe kuma ya sake karɓar ƙunshi.

Rannan Iya ta kira ƙanen marigayi mijinta, Kawu Baballe, aka zaunar da Iliyasu. Ta ce yaro ya samu abin da yake ci, ba ya bukatar uwar da ba ta son sa. Ta ce Talatu za ta tafi Zariya ganin gida a jirgin Asabar. Kowa ya gane ganin gidan nan ba shi da ranar dawowa. Iliyasu ya buɗe baki, ya tuna alkawari, ya kuma tuna ƙaryar da ya daɗe yana cin ribarta, sai ya ce, "To, Iya." Ya fita ya yanki tikiti.

Ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci ya sami Talatu a bayan ɗaki, tanda a kan wuta, faifai uku cike da ɗan abincin nan. Idonta jajir, amma ba ta yi masa ƙorafi ko ɗaya ba. Ta ce ya zauna ya gani da kyau.

"Waɗannan ba za su daɗe ba. In sun ƙare kai za ka riƙa yi, a ɓoye. Kada ka sa sukari, yana ɓata masa ciki. Ayabar sai wadda bayanta ya yi baƙi. Ka taɓa garin a kumatunka, in ka ji tsaki-tsaki ka sake tankaɗewa, maƙogwaronsa ƙarami ne."

Iliyasu ya dubi matar da ake kora tana koya masa yadda zai ci gaba da karɓar yabonta. Bai taɓa raina kansa irin na wannan rana ba.

"Sori, Talatu. Yau zan karya alkawari."

Ta riƙe rigarsa, ya zame. Ya je ya durƙusa gaban Iya ya roƙe ta ta biyo shi, Sanda na goye a bayanta. Da suka zagayo, Talatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta takure jikin bango kamar wadda aka kama da sata.

"Iya, ga kantin. Ban taɓa sayen ko ɗaya ba. Ni gwangwani kawai nake ɗauka."

Iya ta dubi faifai, ta dubi tanda, ta dubi yatsun da ke riƙe da mayafi. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki. Duk gidajen da ta shiga tana zagin yarinyar nan da aikin hannunta suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Matar da ake jin muryarta daga kasuwar goro, yau da ƙyar maganarta ta fito.

"Pele, sannu 'yata. Ki yafe mini. Ni ce ban san ki ba."

Ta kwanto Sanda ta ajiye shi a cinyar Talatu. Talatu ta ƙame, hannuwanta suka ƙi motsi, don idon suruka na kanta. Wannan karon Iya ta gane. Ta finciki hannun ɗanta.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi? Mu je ka mayar musu da tikitinsu."

Ta ja kyauren langa-langa ta rufe, ta zauna a bakin ƙofa ta kafa ta tsare, duk matar da ta shigo sai ta kora ta da hannu. Can suka jiyo dariyar Sanda, sai kuma wata siririyar murya tana yi masa waƙa, tana yi tana shessheƙa. Iya ta share ido da bakin zane.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai Iya ta kawo Sanda ta rufe musu ƙofa da hannunta. Haƙurin Talatu ya riƙe mata aurenta da ɗanta. Iliyasu kuwa ya koyi abin da ya kamata kowane magidanci ya sani: kowa da yadda aka koya masa nuna ƙauna, kuma mijin da ya yi shiru ana cin zarafin matarsa alhali ya san gaskiya, da shi aka ci.