Hatimi Kafin Sa Hannu

"Karanta!" in ji Gimbiya, ta buga takardar a kan teburinsa har kwalbar gam ta yi rawa.

Bai ɗago ba sai da ya gama manna gefen tsohon shafin da ke gabansa. Shekara shida ke nan yana gyaran tsofaffin takardun fada a wannan ƙaramin ɗaki, shekara uku kuwa tun da ta laƙaba masa Mai Tawada, domin yatsunsa ba sa rabuwa da baƙi.

"Ranki ya daɗe..."

"Yau ban zo da rai mai daɗewa ba. Karanta."

Mako uku da rasuwar Sarki, wanda bai bar ɗa ba sai ita. A safiyar ranar ne Baffanta, ƙanen marigayi, ya fito da wannan wasiyya a gaban majalisa: in Gimbiya ta auri wanda ba jinin sarauta ba, karaga ta koma gidan Baffa. An ba ta zuwa jibi ta faɗi matsayinta, aka kuma ce a kai takardar ma'ajiya. Ita da kanta ta ɗauko.

"Baffa ya ji labarinmu ke nan," in ji shi.

"Ya ji. Ni kuma na gama shawara. Su riƙe karagarsu, ni in riƙe ka!"

Bai yi murmushin da take jira ba. Ya jawo madubinsa mai ƙara girman rubutu, ya sunkuya a kan ƙasan takardar, ya daɗe.

"Hasken idona, wa yake riƙe wa Mai Martaba hannu tun da ciwo ya kama shi?"

"Ni mana."

"Me kuke fara yi?"

"Hatimi. Idonsa ya yi rauni, sai in danna masa hatimi tukuna, ya sami abin da zai auna, sannan ya sa hannu a kansa..."

Ta tsaya. Ya miƙa mata madubin.

Jan tawadar hatimi ce kwance a bisa baƙar tawadar sa hannu. An fara sa hannu, sannan aka buga hatimi, yadda ƙa'idar fada ta tanada, yadda kuma mahaifinta ya daina yi shekara uku da suka wuce. Kwanan watan takardar kuwa na bara ne.

"Baffa bai taɓa zama da shi yana jinya ba," ta ce a hankali. "Ko sau ɗaya."

"Shi ya sa ya yi aikin daidai. Daidai ɗin ne ya kayar da shi."

Ta dube shi, ta ga idonsa ya kaɗa.

"To me ya ɓata maka rai?"

"Da na yi shiru, da jibi kin zama tawa," in ji shi. "Na yi tunanin hakan, ba zan ɓoye miki ba. Amma karagar gadonki ce. Sarauniya kuwa ba ta auren mai gam da almakashi."

"Wa ya faɗa? Takardar ƙarya?"

"Duniya ce za ta faɗa."

"Duniya ta jira layinta. Kai dai ka tattaro mini takardun Baba, ka kuma goge rigarka."

Da yamma ta sami mahaifiyarta a falo, labari ya riga ta isa.

"Mai manna takardu?" in ji uwar. "Duk 'ya'yan manyan ƙasar nan, sai wanda yake warin gam?"

"Umma, 'ya'yan manyan sun ji wasiyyar, sun yi shiru suna jiran ganin inda iska za ta kaɗa. Shi kuwa ya ga hanyar samuna cikin sauƙi, ya toshe ta da hannunsa."

Uwar ta juya zoben yatsanta.

"Ubanki yakan ce yaron nan ba ya barin shafi da rauni," ta ce. "Ban ce na yarda ba fa. Ki ce ya wanke hannu kafin ya zo gaishe ni."

Ranar majalisa Baffa ya zauna a kujerar da ke kusa da karaga, yana shafa gemu.

"'Yata, kada ki ga laifina. Maganar mamaci nauyi gare ta."

"Gaskiya ne, Baffa. Shi ya sa na zo da ita da yawa."

Mai Tawada ya shigo da akwati, ya jera takardu sittin da ɗaya a kan dogon tebur, duk na shekarun jinyar Sarki. Babban alƙali ya karɓi madubi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Daga ƙarshe ya ɗauki wasiyyar, ya duba, ya sake dubawa.

"A sittin da ɗaya, sa hannu ne a bisa hatimi," in ji shi. "A wannan kaɗai aka juya."

"Kuskuren rana ɗaya ne!" Baffa ya daka tsawa. "Za ku bi maganar mai facin takarda?"

"Baffa," in ji Gimbiya, muryarta ko rawa ba ta yi, "da ka zo duba ɗan'uwanka sau ɗaya, da ka san ba ya iya ganin layi sai an buga masa hatimi. Ban ji zafin karagar da ka nema ba kamar wannan."

Hannun Baffa da ke shafa gemu ya sauka.

Ta juya ga alƙali.

"Ban da wannan takarda, akwai dokar da ta zaɓa wa mai mulki abokin aure?"

"Babu, ranki ya daɗe."

"To a rubuta."

Bayan naɗinta, takarda ta farko da aka kawo gabanta ita ce sanarwar aurenta. Ta ɗauki hatimin mahaifinta, sai ta tuna yadda take riƙe masa hannu.

"Mai Tawada..."

"Na'am, Sarauniyata."

"Riƙe mini."

Ya riƙe wuyan hannunta, suka danna hatimi tukuna, sannan ta sa hannu a kansa. Da ya saki, sai ga shaidar yatsunsa baƙa a fatarta.

"Umma ta ce ka wanke hannu!"

"Wallahi na wanke, sau uku."

Ta dubi tabon, ta yi dariya, ta ƙi gogewa.