Jar Dawar Gidan Baba Kefas

Ranar da Bibiana ta fara ganinsa, a daminar 2006, yana tsaye a bakin wata gonar masara a bayan kasuwar Samaru yana ta kuka. Saurayi ne dogo, ramamme, da wani baƙin agogo a hannu. Ita kuwa tana gindin mangwaro da bokitin kununta, ta ce a ranta wannan ma jarrabawa ce ta kayar da shi.

"Malam, zo ka sha kunu. Gonar ba gudu za ta yi ba."

Ya zo, ya kurɓa, ya tsaya cak. "Wannan ɗacin na mene ne?"

"Jar dawar babana ce, ko tsuntsu ba ya cinta. In bai yi maka ba, kawo kofina."

Bai kawo ba. Ya shanye, ya ce sunansa Mordekai, kuma dawar nan ya zo nema. Bibiana ta yi dariya, don samari sun sha zuwa mata da dabaru, amma ba wanda ya taɓa fakewa da dawa.

Kullum sai ya zo. Ya sami aikin dako a Sabon Gari, ya sayi tsohuwar waya, ita kuma ta raɗa masa suna Baƙona, saboda ko tuwo bai iya ci da hannu ba. Saƙonsa na farko ta karanta ya fi sau ashirin:

"Bibi, inda na fito ba a dariya. Ke kika koya mini. Ki gaida Baba."

Baban kuwa bai amsa gaisuwar ba. Baba Kefas manomi ne a Hanwa, dattijo a coci, kuma ba ya ɓoye abin da ke ransa.

"Mutum ba uwa ba uba, ba gari, ba wanda ya san fastonsa? Wa zai zo ya tambayi aurenki, agogonsa? Ga Cornelius nan, mun san gidansu tun kakanni."

Cornelius malamin mawaƙan coci ne, mai babur da baki kamar reza. Shi ne ya kawo wa Bibiana labari cewa Baƙon nata yakan tsaya a gaban wani shagon kwanuka a Sabon Gari, yana kallon Oluoma, 'yar mai shagon, har ya manta da kayan da ke kansa. Bibiana ta je ta gani da idonta. Gaskiya ne, kuma kallon mai ƙauna ne. Ta hau motar Samaru zuciyarta na tafasa, ta rubuta masa:

"Na ga mai kwanuka. Allah ya ba da zaman lafiya. Kada ka sake zuwa wajen kununa."

Washegari ya zo duk da haka. Ya zauna a ƙasa, ya taɓa agogon, sai hoto ya bayyana a iska kamar talabijin. Ta gane hanyar Samaru, amma babu ganye ko ɗaya, ƙasa ta yi fari fat. A sama wasu baƙaƙen abubuwa ne rataye, kowanne ya fi kasuwa girma.

"Shekarar 2066 ke nan, daga can na zo," ya ce. "Ina ɗan shekara takwas wasu halittu suka sauko daga sama cikin waɗancan abubuwan. Ba su harbi kowa ba, Bibi. Cuta suka watsa wa amfanin gona, komai ya mutu. Mai son abinci sai ya kai kansa sansaninsu, kuma wanda ya shiga ba ya fitowa. Mu da muka ƙi, muna ɓoye a ramuka. Bara muka ga karan dawa uku sun tsiro a wani kango a Hanwa, cutar ba ta taɓa su ba. Kafin su nuna aka ƙone su. Wata tsohuwa ta ce ta san su, jar dawar gidan Kefas ce."

Hoton ya juya, ga wata mace mai furfura tana ɗaga hannu.

"Mamata ce, tana jirana. Oluoma ce za ta haife ta. Kakata nake kallo, ban taɓa ganinta da ƙiba ba."

Bibiana ta rufe baki. Kunya ta kama ta, tsoro ya biyo baya.

Ya ce agogon ba ya ɗaukar komai sai mutum, ko ƙwaya ɗaya ba ta bin sa, kuma zai buɗe hanya sau ɗaya tak, ranar Asabar ta biyu a Disamba da tsakar rana. Shirin mutanensa shi ne ya cika tukwane goma da dawar, ya liƙe, ya binne, ya koma su tono.

Ta dube shi. "Baƙona, a cikinku akwai wanda ya taɓa noma?"

"Babu. Duk manoman sun mutu."

"Dawar da ta shekara sittin a rami gari za ku tarar. Ko shekara biyar ta yi, rabi ba zai fito ba. Iri ba a binne shi a tafi. Kowace damina sai an shuka, an girbe, an ware na baɗi. Kuma duk Hanwa Baba kaɗai ya rage yana shuka ta, kowa ya koma sabon iri."

Ta ga yadda maganar ta shige shi. Mutane goma sha ɗaya suka mutu kafin a iya tura shi, a kan shirin da kowace 'yar manomi za ta rushe da magana ɗaya. Ya tashi ya tafi ba sallama.

Kwana tara ba ta ji ɗuriyarsa ba. Ta rame, kununta ma ya daina daɗi. Ta san in ya koma, hannu wofi zai koma su mutu tare, in kuma ya zauna, uwarsa za ta yi ta duban hanya har ta mutu tana zaton ya gudu. A rana ta goma saƙo ya shigo:

"Bibi, ban iya riƙe fartanya ba. In na zauna za ki koya mini? Damina sittin ce. Ba zan iya ni kaɗai ba, kuma ba na so in iya."

Ta amsa: "Zan koya maka. 'Ya'yanmu ma za su koya."

Saura dangi. Mordekai ya je shagon kwanuka ya durƙusa a gaban Chukwunonso, mahaifin Oluoma, bai san ma me zai ce ba. Tsohon ya cire tabarau, ya ƙura masa ido, ya ɗauko hoton marigayi babansa daga bango ya kara da fuskar yaron.

"Ni ban sani daga ina ka fito," ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "amma wannan hanci namu ne."

Tsohon ne ya sanya jar hula ya jagoranci masu tambaya zuwa Hanwa. Baba Kefas ya so ya ƙi, sai dai ya riga ya ga yaron a gonarsa wata uku, hannunsa duk ya yi kanta, yana tsince kowace ƙwayar da ta faɗi. Ya ce wanda ke girmama abinci haka ba zai wulaƙanta mace ba.

Aka sa rana, Mordekai da kansa ya zaɓi Asabar ta biyu a Disamba. Fasto na tsakiyar tambayarsa sai agogon ya fara rawa a hannunsa. Bibiana ta ji shi, don hannun yana cikin nata. Ta sassauta riƙon, ta raɗa masa, "In za ka tafi, ban riƙe ka ba."

Hawaye na zuba masa, ya ce, "Mama, ki yafe mini." Sannan ya dubi fasto ya ce ya yarda. Agogon ya yi shiru, bai sake motsi ba.

A wajen biki ba a raba bokiti ko faranti mai hoton ango da amarya ba. Ƙullin jar dawa aka ba kowa, da 'yar takarda: "Don Allah a shuka." Mata suka yi ta tsaki. Cornelius ya ce kajinsa sun gode. Da taro ya watse, Mordekai ya bi ƙarƙashin kujeru yana tsintar ƙullin da aka yar yana zubawa a buhu, ya tara hamsin da uku cikin ɗari. Amarya ta tattare farar rigarta ta durƙusa tana taya shi.

Oluoma ce ta tsaya a kansu, nata ƙullin a hannu. "Ango, a wane wata ake shuka wannan?"

"Yuni," ya ce. "Kowace shekara. In kin haifi 'ya mace, ki koya mata."

Baba Kefas ya ɗora hannu a kawunansu. "Ubangiji ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Ya ba ku ruwa a kan lokaci, ya tsare muku iri."

Suka ce amin. Mordekai ya ɗaga kai ya dubi sama, ba komai a cikinta tukuna. Bibiana ta ɗora masa buhun a kai, suka kama hanyar gida.