Odessa Ta Je Neman Aure

A bakin coci rigimar ta tashi, ranar Lahadi, mutane na fitowa suna gaisawa da fasto.

"Sai a bakin Babanki zan ji?" in ji Lamont, murya ƙasa-ƙasa. "Jami'a ta ɗauke ki, kowa a Greenwood ya sani, ban da wanda zai aure ki..."

Odessa ta gyara zaman hularta. "Da na gaya maka, cewa za ka yi in jira."

"Cewa zan yi mu yi shawara."

"Ai jiran ke nan."

Ya juya ya shiga motarsa ya tafi.

Odessa nas ce a asibitin garin. Karatun jinya na shekara biyu ta yi a ƙaramar kwaleji, ta ci jarrabawa ta kama aiki, don a lokacin ne ɓarin jikin Babanta ya shanye, kuma ita kaɗai gare shi. Tana son aikinta, amma ta san inda takardarta ta tsaya. Burinta ta zama nas mai duba marasa lafiya da kanta, a buɗe mata ɗan asibiti a ƙauyukan auduga inda likita ba ya zuwa, kuma matakin farko shi ne cikakken digiri. Asibitinsu ya yarda ya ɗauki nauyin karatun, da sharaɗin ta ci gaba da aiki da su har ta gama.

Shi kuwa Lamont mai walda ne, ya samu aiki a wurin ƙera jiragen ruwa can bakin teku, tafiyar rabin yini. Shirinsa a ɗaura aure su tare a can.

Kwana da kwanaki bai kira ba. Ita ma ba ta kira ba.

Wata safiya tana aske wa Baba gemu a baranda, ya riƙe hannunta da hannunsa mai lafiya. Da maganarsa mai nauyi ya tambaye ta ko saboda shi ta ƙi bin yaron nan. In haka ne, ya ce, ƙanwarsa Verna ta daɗe tana roƙon ya koma gidanta, ba ya so a jingina masa laifin raba masoya.

"Ba don kai ba ne kaɗai, Baba. Karatun nake so. Ko kana tsere da ƙafarka, sai na yi shi."

"To shi fa?"

"Shi ma ina son sa..."

"Kin gaya masa haka, ko kin tsaya gyara hula?"

Ta yi dariya har hawaye suka zubo mata. Da ta tashi daga aiki washegari, ko kayan asibiti ba ta cire ba ta wuce garejin da Lamont yake aiki.

Ta same shi durƙushe yana walda wata tirela. Ya ɗaga murfin fuskarsa, ya gan ta, ya ce in haƙuri ta zo bayarwa ta makara, ya riga ya gaya wa mutanen bakin teku yana nan tafe.

"Ka kyauta, haka nake so," in ji ta. "Ɓoye maka da na yi kuskure ne, ka yafe mini. Amma ban zo neman izini ba, Lamont. Aurenka na zo nema."

Ya ajiye abin waldar a hankali.

Ta zayyana masa komai. Shi ya tafi aikinsa, ita ta yi karatunta. Yawancin darussan ta kwamfuta ne, ranakun da ba ta aiki za ta iya kai Baba wurin Gwaggo Verna ta bi Lamont bakin teku da littattafanta. In ya samu hutu ya zo gida. Za su sha wuya, ta ce, za su gaji da hanya, wata rana ma za su yi faɗa a waya. Amma ba za ta ajiye ɗaya don ta ɗauki ɗaya ba.

"In kin zama babba fa?" ya tambaya, idonsa a ƙasa. "Kina yawo da masu digiri, ni kuma ina warin ƙarfe..."

Sai a lokacin ta gane abin da ke cin sa. Ta durƙusa kan simintin nan mai baƙin mai, ta kama fuskarsa da hannu biyu.

"Masoyina, asibitin da zan buɗe, wa kake zaton zai yi masa ƙofa da tagogi? Da kai na zana shi a raina tun farko."

Ya ce ita fa ba ta iya neman aure ba, ko zobe ba ta zo da shi ba. Ta ce ya amsa tukuna.

An ɗaura auren kafin a fara karatu. Aka soya tarwaɗa a farfajiyar coci, Gwaggo Verna ta cika tebur da burodin masara. Ranar Litinin da hantsi suka fito tare, ita a motarta, shi a tasa cike da kaya. A mararraba ya sauke gilashi.

"Matata, ki ci jarrabawa."

"Mijina, ka dawo da yatsunka goma."

Ya yi kudu, ita ta karya kan motarta zuwa asibiti tana murmushi.