Zagaye Bakwai a Filin Kalgo

Atamfa turmi biyu. Turare kwalba ɗaya. Zoben azurfa. Farin takalmin gudu, har yau a kwalinsa.

Abin da ke cikin jakar da na ɗora a cinya ke nan, a motar Gwandu zuwa Kalgo. Duk Ɗalha ne ya ba ni, duk kuma zan mayar masa. Saura wata biyu a ɗaura mana aure.

Hoto ne ya taso ni. Ladi, malamar motsa jiki a makarantar da yake koyarwa, ita ta sa shi a waya: ga ta ga shi a fili, sun jiƙe da gumi, tana dariya. Ba dariyar ce ta ƙona ni ba. Ɗan koren carbin latsawa ne, wanda na sayo masa daga Sudan da na gama karatu. Yana yatsanta.

Tun rasuwar mahaifinsa Ɗalha yake gudu. Ya ce a da kasala kan sa ya makara sallar asuba, yanzu jikinsa ke tashe shi, kuma duk taku ɗaya istigfari ɗaya ne. Da ya kawo mini takalmin, Innata ta ce ɗiyar malamai ba ta tsalle-tsalle a bainar jama'a. Ban musa mata ba. Dariya ma na yi masa.

Bayan la'asar na iso filin makarantar.

Tsofaffin mata biyar na tarar, cikin hijabai, suna zagaya fili a hankali. Dukkansu sun sami kujerar Makka, ana saba musu da tafiyar ɗawafi, zagaye bakwai kullum. Ɗalha na gudu ta gefe, leɓɓansa na motsi. Ladi kuwa tana riƙe da hannun mahaifiyarsa, Inna Larai, duk zagaye ɗaya ta latsa carbina.

Wannan ya fi hoton ciwo.

Ya hango ni, ya ƙaraso yana haki.

"Safiyata... lafiya?"

Na ajiye jakar a gabansa. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon kwalin.

"Ko sau ɗaya ba ki sa shi ba."

"Ai ka sami mai sawa."

Ya ce aron carbin ya bayar don ƙirga zagaye. Na ce ban san ana ba da aron kyauta ba. Bai kare kansa ba, ya ce ya yi kuskure. Sannan ya ƙara a hankali:

"Amma ke na fara kira ki zo filin nan. Wata huɗu ke nan."

Ladi ta matso da murmushi, ta yi mini sannu da zuwa, ta ce in nemi inuwa in zauna, ranar Kalgo ba ta 'yan boko ba ce.

Na zauna ɗin, a ƙasa. Na cire silifas, na ɗaure takalmin. Na miƙa mata hannu ta ba ni carbina. Ta dubi Ɗalha. Shi kuwa ƙasa ya duba. Ta zare carbin.

Zagaye uku suka rage wa Inna Larai. Na kama hannunta muka tafi. A na biyu numfashina ya fara sarƙewa. Tsohuwar ce ta riƙe ni.

"Ɗiyata, bar kallon ta. Ki ce subhanallahi, ƙafa za ta bi."

Na faɗa. Ƙafar ta bi. Kishin dai bai tafi ko'ina ba.

Ɗalha ya rako ni tasha, jakar a hannunsa. Ya tambaya ko ya tafi da ita gida. Na karɓe abata, na shiga mota, na ja ƙofa na rufe, sannan na sauke gilashi.

"Ranar Asabar zan dawo, ni zan riƙe Inna Larai. Innata ni zan yi mata bayani. Carbin nan kuwa ba ka ƙara ganin sa sai an ɗaura."